Kunnen Dama na Kawu

Makon jiya na je lakwal, wato makarantar ɗana, a nan Konni, ana shirin taron iyaye. Wani saurayi ya jona lasifika, kafin ya ce komai sai ta saki irin kukan nan mai tsini da ke shiga har cikin haƙori. Mata suka toshe kunne, yara suka fashe da dariya. Ni kuwa na tsaya cak da jaka a hannu, kamar wadda aka kira sunanta. Wannan kukan shi ne abu na farko da na ji ranar da na fara ganin 'yan kiɗan gita da idona, ina 'yar shekara goma sha uku, ina riƙe da hannun rigar kawuna.

Bari in gaya maka ko wane ne kawun nan, don ba za ka gane ranar ba sai ka san shi.

Ƙauyenmu yana arewa da Malbaza, kan hanyar jan ƙasa. In gari ya waye tangaran, daga gonarmu ana hango dogon ginin luzi, masana'antar siminti. Kawu ƙanen inna ne, kuma shi ke da injin niƙa ɗaya tilo a garin. Yana saurayi ya tafi cirani kudu, can bakin teku, ya yi shekaru bai leƙo gida ba. Da ya dawo, manyan abu uku ya zo da su: injin, radiyo mai cin kaset, da kaset guda ɗaya. Injin ya kafa shi cikin rumfar kwano bayan kasuwa. Tun daga hantsi har la'asar yana tsaye kansa, cikin warin man gazuwal da ɗumin gari, girarsa fara fat kamar ta tsoho, alhali ko furfura bai fara ba.

In ya kashe inji, sai ya yi wanka, ya shimfiɗa tabarma gindin itacen bedi, ya sa kaset ɗin. Waɗansu samari ne na ƙasarmu, masu gitar lantarki da gangunan Turawa, sun haɗa da kalangu, suna waƙa da Hausa, wani wurin su jefa Buzanci. Dattawan garin ba su ɗauke shi kiɗa ba, hayaniya suke ce masa. Ni kuwa tun ranar da na fara ji ya kama ni. Kullum sai na ƙirƙiro aiken da zai bi da ni ta gindin bedin nan. Na haddace kaset ɗin gaba da baya, har inda zarensa ya taɓa tsinkewa kawu ya liƙe da ƙaro, inda murya kan yi tsalle ta wuce kalma biyu. Ni ke juya masa zaren da alƙalamin bik don kada a ƙona pil, wato batir, ni ke shanya pil ɗin a rana in sun yi sanyi.

A cikin waƙoƙin akwai wadda muke kira waƙar hanya. Labarin direba ne da ya taso daga nesa zai koma gida, yana gaida garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ambaci Konni, ya ambaci Malbaza, ya karkata ya gaida Tajaye da Illela, daga nan gita ta karɓe, ta yi ta hawa ita kaɗai kamar ba za ta sauko ba. Kawu ya taɓa ce mini lokacin da yake kudu, cikin ɗakin da suke kwana su da yawa, sai ya yi ta maido da zaren baya don kawai ya ji an kira sunan garuruwan nan.

Kurumtar ba ta zo masa rana ɗaya ba. Da farko sai muka ga yana ƙara wa radiyon murya fiye da da. Sannan mata suka fara ɗaga harshe in za su gaya masa ko gari suke so ko tsaki. Daga baya in ka yi masa magana ta hagu ba ya ko waiwayowa. Ya je asibiti Konni, likita ya duba shi ya ce ƙarar injin ce. Na hagu ya riga ya tafi, na dama da ɗan saura, shi ma yana bin sawu. Bayan dawowarsa da 'yan kwanaki ya shigo gidanmu da radiyon a hammata, ya ajiye gabana.

“Riƙe, ɗiya. Ni na gama da ita.”

Daga ranar ya daina zama gindin bedi. In ya kashe inji sai ya shige ɗaki. Kakata, wadda ta haife su shi da inna, takan zauna ƙofar ɗakin tana kaɗi, duk wanda ya dubi fuskarta ya san abin yana cin ta.

Ana cikin girbi, gero ya sha yanka, dammuna jingine ko'ina, wake ya bushe yana jiran roro, na kunna radiyon da rana sai na ji sanarwa. Mutanen kaset ɗinmu za su zo Konni. Za su yi wasa a filin gidan matasa ranar Asabar ta sama, bayan la'asar. Ban tsaya neman takalmi ba. Na isa rumfar inji ina haki, na ja kawu waje, na kafa baki a kunnensa na dama na faɗa masa har sau biyu. Na ga idonsa ya yi wani haske, nan take kuma ya mutu.

“Mi za ni yi can?” ya ce. “In tsaya ina kallon bakinsu kamar akuya?”

Ya koma ciki ya ci gaba da zuba dawa.

A nan ne na ƙudura a raina, kuma har yau ban san inda yarinya kamata ta samo wannan taurin kai ba. Na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na je, kuma ba ni kaɗai ba. Washegari a lakwal na tambayi mushenmu, wato malaminmu, wanda ya yi karatu a birni, yadda ake irin wannan wasa. Ya ce ana jera akwatunan sauti masu tsawon ƙofar ɗaki, in an buga ganga har cikin cikinka za ka ji. Wannan maganar na riƙe. Da yamma na ɗauki radiyon na bi kawu har ɗaki, na sa waƙar hanya, na ƙure murya, na manna masa a kunnen dama. Ya so ya ture, na ƙi saki. Can sai na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi daidai da ganga.

Na yi masa ihu a kunne, na ce, “Wagga 'yar ƙarama ma ka ji ta. Tasu ta kai tsawon ƙofa!”

Ya miƙo mini radiyon, na fita. Kullum da safe in zan wuce lakwal sai in tsaya bakin rumfa in ɗaga masa yatsu, kwanakin da suka rage. Yakan kau da kai. Ranar da na ɗaga huɗu, na tarar da shi tsugune yana wanke tsohuwar motonsa mai ƙafa biyu, wadda ta yi wata da watanni a jingine. Bai dube ni ba, ni ma na wuce kamar ban gani ba, amma sai da na yi tsalle bayan na sha kwana.

Saura baba. Shi ba mutum ne mai faɗa ba, amma in ya ce a'a ta zauna. Da inna ta gaya masa, ya ce ɗiya mace ba ta da abin yi a wurin kiɗa, ga wake na zubewa a gona. Na kwana biyu ina kuka a ɓoye, sannan na je na faɗa wa kakata. Ta ajiye mazarinta, ta yafa zane, ta dogara sanda har zauren baba. Ka san suruka ba ta cika zuwa wurin surukinta da magana ba, don haka da ya gan ta sai ya sauka daga kujera ya zauna ƙasa. Ina laɓe bayan danga ina ji.

“Ba kallo na zo roƙa mata ba,” in ji ta. “Ɗana za shi hau titi, ba shi jin mota in ta taho bayanai. Aron kunne na zo yi.”

Baba ya amince. Sannan ya kafa sharaɗi biyu. In gama roron waken gayaunar inna kafin Asabar, kuma da an kira magariba mu fita daga wurin, ko an gama ko ba a gama ba, mu kwana gidan goggo a Konni. Kakata ta ce ta ɗaukar mana alkawari.

Kwana biyu na yi a gonar nan, daga dawowa lakwal har rana ta faɗi, ranar Juma'a kuma tun asuba. Kwanson wake busasshe yana da kaifi, ya tsattsaga mini yatsu, ƙarangiya ta cika mini zane, bayana ya riƙe don sunkuyo. Inna ta so ta taya ni, na ce a'a, kada baba ya ce ba ni na yi ba. Da na juye buhu na ƙarshe a tsakar gida, baba ya dube shi, ya dubi hannuwana, ya ce in shafa man kaɗe.

Ranar Asabar muka tashi da hantsi. Kawu ya sa rigarsa mai ruwan bula da ya zo da ita daga kudu, ta ɗan matse shi. Ina bayansa, mun yi yarjejeniya: in na ji mota na tafe, in daki kafaɗarsa ta dama ya sauka gefe. Haka muka bi jan ƙasa har Malbaza, muka hau kwalta muka miƙi yamma. Ba mu yi nisa ba sarƙar moton ta tsinke, ta yi bulala a ƙasa. Kawu ya duba, ya juya ta, ya gwada ɗaurawa da waya, ta sake ɓallewa. Rana ta take tsaka. Ya zauna kan dutse, ya goge hannu da ciyawa.

“Kin gani ko? Allah bai nufa ba. Mu tura ta mu koma.”

Na bar shi nan zaune. Na fita bakin titi na cire kallabina na riƙa kaɗawa. Motar fasinja ta wuce a cike, wata ma ta wuce. Ta uku babbar kamiyo ce ɗauke da siminti, ta wuce mu da nisa sannan na ji ta yi tsaki ta tsaya. Na bi ta da gudu. Direban, wani dattijo mai jan rawani, ya leƙo yana faɗa, wai ina so a take ni ne. Na faɗa masa komai a tsaye, ban ɓoye ba, har maganar kunnen. Ya dube ni, ya hango kawu can zaune, sai ya ce wa yaran motarsa su ɗora moton bisa buhuna. Muka shiga gaba kusa da shi. Duk hanyar, ta gonakin albasar Tsarnawa har shiga gari, shi da kawu hira suke da ihu da hannu, ba wanda ke jin wani sosai, suna ta dariya.

Mun bar moton wurin wani mai gyara, muka sha ruwa gidan goggo, kawu ya yi la'asar, muka nufi filin. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Samari da 'yan mata, 'yan lakwal, ma'aikatan buro na gwamnati da matansu, Buzaye da rawunansu, har mutanen tsallaken iyaka. Masu rake da masu ƙanƙara sun jeru bakin ƙofa. Kawu ya karɓo mana tikiti biyu, muka shiga, muka samu kanmu can baya kusa da katanga. Sai lasifika ta yi kukan nan da na faɗa maka, jama'a suka ɗauki sowa.

Da suka fito, na rasa abin da ke mini daɗi. Mutanen da na sani a murya kawai, ga su da ƙafafu da gumi. Mai waƙar gajere ne, ni da nake zaton dogo. Mai gitar ya fara sanƙo. Suka buga, ƙasa ta amsa, na ji abin a ƙirjina yadda mushe ya ce. Na waiwaya in ga kawu. Yana tsaye ya karkata kai, ya kafa tafin hannu bayan kunne, fuskarsa ba komai. Na tambaye shi da ido, ya girgiza kai.

“Gugu kawai,” ya ce. “Kamar hadari daga nesa.”

Na kama hannun rigarsa na ja. Ni 'yar firit ce a lokacin, na sa kai cikin mutane kamar allura, ina cewa a gafara, a ba mu hanya, kurma ne. Waɗansu suka matsa, waɗansu suka zage ni, wata mata ta take mini ƙafa har farce ya fashe. Takalmina ɗaya ya ɓace a nan, ban tsaya ba. Muka kai gaba, inda aka ja igiya, wani jandarma yana tsaye da kulki. Akwatunan sauti suna bayan igiyar, an ɗora ɗaya kan ɗaya. Na nuna masa kawu, na nuna kunne, na nuna akwatin. Ya ce ba a wucewa. Na sake faɗa. Ya ce in ja da baya. Na tsaya inda nake, ina kallonsa, hawaye na zuba, ban matsa ko taku ɗaya ba. Ya kau da kai, ya sake dubana, sannan ya ɗaga igiyar da kulkinsa.

“Shi kaɗai. Ke tsaya nan.”

Kawu ya wuce, ya tsaya dab da akwatin, ya juya masa kunnen dama, ya dafa katakon da hannu. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juyo ya ɗaga mini kai. Yana ji.

Sai dai sababbin waƙoƙi suke ta yi, waɗanda ba mu sani ba. An fara a makare, ga rana ta yi ja tana neman faɗawa bayan katanga. In aka kira magariba dole mu fita, kakata ta ɗaukar mana, kuma ba zan sa ta ji kunya gaban baba ba. Na yi ta ihu ina kiran waƙar hanya, muryata ko ni ba na ji. Sai na tuna bik ɗin da ke ɗaure a bakin zanena, wanda nake juya kaset da shi. Na juya bayan tikitina, na dafa a gwiwa na rubuta: kawuna zai kurumce, ga shi nan jikin lasifika, don Allah ku yi waƙar hanya kafin magariba. Na miƙa wa jandarman. Ya karanta, ya harare ni kamar na cika masa ciki, amma ya taka ya miƙa wa wani a gefen dandamali, shi kuma ya ajiye gaban mai waƙar.

Aka gama waƙa, aka shiga wata, takardar na nan ƙasa. Na ciji leɓe har na ji gishiri. Da aka ƙare wannan, mai waƙar ya sunkuya shan ruwa, ya gan ta, ya ɗauka. Ya karanta, ya dubi wajen akwatunan, ya je ya yi magana da mai gitar. Bai yi wani jawabi ba. Ya ce kawai akwai tsohuwar waƙa da suka daɗe ba su taɓa ba, in sun yi kuskure a yafe musu.

Kalangu ya fara, yadda yake farawa a kaset. Ashe ba mu kaɗai muka san ta ba, rabin filin ya ɗauka. Da aka ambaci Konni wurin ya kusa tsagewa. Aka ambaci Malbaza, aka gaida Tajaye da Illela, kowane gari da mutanensa suna ɗaga hannu. Ni kawu nake kallo. Ya rufe ido, yana waƙar da ƙarfi, muryarsa ta kauce, yana bin su a baya kaɗan, bai damu ba. Inda kaset ɗinmu kan yi tsalle, shi ma ya yi tsalle ya wuce kalma biyun, sai na ga ya buɗe ido da mamaki, don yau ne ya sake jin su bayan shekaru. Sannan gita ta karɓe. Mai sanƙon ya tako har bakin dandamali ta wajen kawu, ya ja ta fiye da yadda take a kaset, ya yi ta hawa. Kawu ya jingina goshinsa da katakon, bayansa yana rawa.

Ana cikin tafi muka ji kiran salla daga masallacin unguwar. Ban jira ba, na yi wa kawu alama. Aka ce wasan zai ci gaba bayan salla, mu kam muka fita, ni da takalmi ɗaya a hannu. Da muka kusa gidan goggo, kawu ya juyo ya dube ni.

“Sun tsufa,” ya ce. “Amma hannun mutumin nan yana nan.”

Kafin damina biyu kunnen dama ma ya rufe. Ya bar wa wani injin, ya koma noma da kiwon tumaki. Kakata ta rasu, baba ma ya bi ta. Ni na ci gaba da karatu, yau ina aikin jinya a nan Konni. Filin nan ina wuce shi kullum in zan tafi aiki. Yaran yanzu kowa da waƙoƙi ɗari a wayarsa, da abin sauraro a kunne, ba wanda zai yi roron wake don ya ji waƙa ɗaya, kuma ban ce laifinsu ba ne. In na ga sun ƙure murya nakan yi musu faɗa, su yi mini kallon tsohuwa.

Aikin nan ne ya sa mini wata damuwa. Da na karanci yadda ƙara ke cin kunne, sai na fara tunanin ko ni ce na ƙarasa masa ɗan abin da ya rage, da na kai shi jikin akwatin nan. Na yi shekaru da wannan a raina. Bara da na je gida, na same shi zaune yana gyaran igiyar tumaki, ya tsufa, furfurar gaske ta fito. Shi ba ya karatun boko, don haka da hannu na tambaye shi: na nuna kunnensa, na kwatanta akwatin, na nuna kaina, na haɗa tafi biyu ina neman gafara. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane. Sai ya yi dariya har igiyar ta faɗi, ya yi magana da ƙarfi yadda kurame ke yi, duk gidan na ji.

“Ke ɗiya, kurma ba shiru yake ji ba. Abin da ya ji na ƙarshe shi ka zama mai cikin kai. Da ba ki kai ni ba, da inji na nan yana niƙa cikin kaina har in mutu. Yanzu kuwa in na kwanta, in na tashi, muna hanya, an wuce Malbaza.”

Ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.